Zauren Lissafi: Amsoshin Wasiƙunku

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun wannan wata daga 'yan sakandare suka zo, kuma ba abin mamaki ba ne tunda jarrabawar WAEC da ta NECO sun ƙarato. Amma biyu daga cikin waɗanda na zaɓa iyaye ne suka aiko, abin da ya faranta min rai ƙwarai. Kamar kullum, na taƙaita wasiƙun kuma na sakaya sunaye. Ku ɗauko biro da takarda tukuna, domin wannan shafi ba a karanta shi a kishingiɗe.

TAMBAYA: Malam, ina aji biyar. Na iya fitar da LCM da HCF idan aka ba ni lambobi tsurarsu, amma da zarar an saka su cikin labari sai in rasa wanne ake nema. Kuma idan lambobin manya ne, kamar 252 da 198, lokacina yakan ƙare ina lalube.
Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo

AMSA: 'Yata, kafin ki taɓa biro ki tambayi kanki abu guda: amsar da ake nema za ta fi lambobin da aka ba ni girma ne, ko za ta gaza su? Idan wani abu ake yankawa, ko ake kasawa daidai wa daida ba tare da saura ba, amsar ba za ta wuce ƙaramar lambar ba, HCF ke nan, wato lamba mafi girma da ke raba lambobin duka ba tare da saura ba. Idan kuwa jira ake yi abubuwa biyu masu zagayowa su haɗu, ko ana neman adadin da kowa zai sami rabonsa a ciki ba tare da gutsure ba, amsar ba za ta gaza babbar lambar ba, LCM ke nan, wato lamba mafi ƙanƙanta da lambobin duka ke shiga cikinta ba tare da saura ba.

Na tabbata a unguwarku akwai malamin da ake kira idan za a yi rabon gado. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da ɗa namiji. Matar tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas. Mahaifiyar tana da sudusi, ɗaya bisa shida. Abin da malamin zai fara nema shi ne asalin mas'ala: wace ce mafi ƙanƙantar lamba da takwas ke shiga cikinta, shida ma ke shiga? Ki ƙirga takwas-takwas: 8, 16, 24. Ki ƙirga shida-shida: 6, 12, 18, 24. Sun haɗu a 24. Sai a kasa dukiyar kashi 24, matar ta ɗauki 3, mahaifiyar ta ɗauki 4, ragowar 17 na ɗan ne. Da malamin ya ce takwas sau shida ya ɗauki 48, rabon zai fita, amma ya ƙara wa kansa aiki, domin 24 ta wadatar. Wannan asalin mas'ala shi ne LCM ɗin da ke cikin littafinki, ba wani abu daban ba. Kason da Alƙur'ani ya ambata shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Shi ya sa malaman gado ke cewa asali ba ya wuce 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24. Har ma Muhammad bin Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, wani babban sashe na littafin a kan gado da wasiyya ya yi shi. Ina son ɗalibanmu su san wannan, domin da yawa suna ɗaukar lissafi baƙo ne da ya zo da boko.

Yanzu ga lambobinki. Wata mai kayan gwari a Farin Gada tana da karas 252 da tattasai 198. Tana son ta ƙulla su a leda, abin da ke cikin kowace leda ya zama daidai da na 'yar'uwarta, kada ko ɗaya ya rage, kuma ledojin su yi yawa iyakar yadda zai yiwu. Kasawa ake yi, saboda haka HCF ake nema.

Ba sai kin farfasa lambobin ba. Ki raba babbar da ƙaramar, ki riƙe abin da ya saura. 252 a raba da 198, sau ɗaya, saura 54. Sai ki ajiye babbar, ki raba 198 da 54, sau uku, saura 36. Ki raba 54 da 36, sau ɗaya, saura 18. Ki raba 36 da 18, sau biyu, babu saura. Lambar da ta raba ba ta bar komai ba ita ce amsa: 18. Leda 18 ke nan, kowacce karas 14 da tattasai 11.

Dalilin da ya sa wannan hanya ke aiki shi ne abin da na fi so ki riƙe. Duk lambar da ta raba 252 daidai, ta kuma raba 198 daidai, tilas ta raba bambancin da ke tsakaninsu, wato 54. Ashe ke nan neman HCF na 252 da 198 daidai yake da neman na 198 da 54, kuma wannan ya fi sauƙi. Haka za ki yi ta rage wa tambayar nauyi har amsar ta fito fili. Wani malami mai suna Yukilid ne ya rubuta wannan hanya a Iskandariyya ta ƙasar Masar, kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma har gobe da ita kwamfuta ke aiki.

Idan aka nemi LCM na lambobin nan biyu, ki ninka su ki raba da 18, za ki sami 2,772. Amma ki kula, wannan gajeriyar hanya ta lambobi biyu ce kawai. In sun kai uku, ba ta aiki.

TAMBAYA: Malam, ina shirin shiga gasar lissafi. Na ci karo da tambayar da ta ce a ninka 7 da kanta har bakwai guda 50, a faɗi lambar ƙarshe ta amsar. Kalkuleta ta ƙi nuna min duka.
Daga wani ɗalibi, Rikkos

AMSA: Ɗana, da gangan aka zaɓi 50, don kalkuleta ta gaza, kai ka yi tunani. Fara da ƙanana. Bakwai guda ɗaya, 7. Guda biyu, 49. Guda uku, 343. Guda huɗu, 2,401. Guda biyar, 16,807. Dubi wutsiyoyinsu: 7, 9, 3, 1, sai 7 ta dawo. Kuma dole ta dawo, domin wutsiyar amsa ta dogara ne ga wutsiyar abin da aka ninka kawai, kuma da zarar ka isa 1, ka koma mafari. Zagayen na huɗu-huɗu ne. Raba 50 da 4, sau 12, saura 2. Ta biyu a zagayen ita ce 9, amsarka ke nan.

Da irin wannan tunani ake amsa tambayar ranakun mako. Yau Laraba, wace rana ce bayan kwana 100? Mako 14 sun cinye kwana 98, saura 2, Juma'a ke nan. Duk inda ka ga lamba mai ban tsoro a takardar gasa, ka nemi abin da ke zagayawa, sannan ka nemi saura.

Gwada wannan da kanka: 3 guda 101. Sannan ka roƙi malaminku ya nemo muku tsofaffin takardun gasar da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, a ƙaramar hukumar Kwali ta Abuja, take shiryawa. Irin tambayoyin da kake buƙata suna nan a ciki.

TAMBAYA: Malam, ni magini ne, a wajen mahaifina na gaji sana'ar. Idan za mu fitar da kusurwar gini, mukan auna ƙafa uku a wannan igiya, ƙafa huɗu a waccan, mu ja tef tsakaninsu. In ya ba da biyar, kusurwa ta daidaita. Yarona da ke aji uku ya ce ana koya musu wannan a makaranta, amma ya kasa faɗa min dalili. Sannan akwai gardama a wajen aikinmu: wani ya sayi fili hamsin-hamsin yana cewa rabin ɗari-ɗari ne.
Daga wani magidanci, Bukuru

AMSA: Baba, Allah ya ƙara wa sana'a albarka. Yaronka ya yi gaskiya. Ƙa'idar tana cewa: a alwatikan da ke da kusurwa mai digiri 90, idan ka ninka kowanne daga gajerun ɓangarorin biyu da kansa ka haɗa su, za ka sami dogon ɓangaren an ninka shi da kansa. Uku sau uku 9, huɗu sau huɗu 16, a haɗa 25, kuma 25 biyar sau biyar ce. Littattafai suna jingina ƙa'idar ga wani Bagirke mai suna Fitagoras, wanda ya rayu a ƙarni na shida kafin Annabi Isa, amma mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun rubuta irin waɗannan lambobi a kan allunan yumɓu fiye da shekara dubu kafin zamaninsa.

Dalilin kuwa, ku zauna kai da shi ku gani da idonku. Ku sami kwali ku yanka alwatika huɗu iri ɗaya, kowanne inci 3 a gefe guda, inci 4 a ɗaya gefen, kusurwar da ke tsakaninsu a daidaice kamar ta bulo. Ku zana murabba'i mai inci 7 ta kowane gefe. Ku ɗora alwatika ɗaya a kowace kusurwa, ta yadda a kowane gefe ukun wannan zai haɗu da huɗun wancan su cika bakwai. Za ku ga an bar wani murabba'i a tsakiya, a karkace. Babban murabba'in bakwai sau bakwai ne, 49. Kowane alwatika rabin uku sau huɗu ne, wato 6, su huɗu 24. A ɗebe 24 daga 49, saura 25. Murabba'in da girmansa 25 ne, gefensa 5 ne, kuma wannan gefe shi ne dogon ɓangaren alwatikanku. Ba a auna shi da tef ba, lissafi ne ya tilasta masa zama biyar. Yaron da ya yi wannan da almakashi sau ɗaya ba zai sake manta ƙa'idar ba.

Abin da kuke yi a wajen gini shi ne juya maganar: ku fara tabbatar da 3, 4 da 5, sai kusurwar ta zo da kanta. Wannan ma daidai ne, domin sanduna uku masu ƙayyadadden tsawo alwatika iri ɗaya tak suke iya haɗawa, ba ya lanƙwashewa ya koma wata siffa. Shi ya sa kafinta ke haɗa katakon rufi alwatika-alwatika.

Shawarata gare ka, idan ginin babba ne, ka ninka awon: 6, 8, 10, ko 9, 12, 15. Kuskuren rabin inci a kan ƙafa biyar yana iya karkatar da doguwar katanga, amma a kan ƙafa goma sha biyar ɓarnarsa kaɗan ce. Ɗaki mai ƙafa 12 da 16, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta ƙafa 20 ne cif. Fili mai 50 da 100 kuma, 2,500 a haɗa da 10,000 ya ba da 12,500, tef zai nuna kusan ƙafa 111 da inci 10. Ka auna ta ɓangarorin biyu, in suka saɓa, filin ya karkace. Shi kuma yaron, ka faɗa masa in ji malam ya haddace 5, 12, 13 da 8, 15, 17, suna yawan fitowa a jarrabawa, kuma kada ya ɗora wannan ƙa'ida a kan alwatikan da ba shi da kusurwa mai digiri 90. A nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki.

Batun gardamarku, mai filin nan rubu'i ya saya, ba rabi ba. Hamsin sau hamsin 2,500 ne, ɗari sau ɗari 10,000. Fili hamsin-hamsin guda huɗu ne ke shiga cikin ɗari-ɗari. Rabin ɗari-ɗari shi ne 50 da 100. Duk siffar da aka ninka tsawonta da faɗinta sau biyu, girmanta sau huɗu yake ƙaruwa. In kuma abu ne mai ciki, kamar tankin ruwa, aka ninka har da zurfinsa, abin da zai ɗauka sau takwas ne. Ku yi masa bayanin cikin lalama, domin in a kan kuɗin rabi ya biya, maganar ba ƙarama ba ce.

TAMBAYA: Malam, ɗana yana zuwa darasin yamma, su bakwai ne a ajin. Ya ci 55 a lissafi. A takardar an rubuta matsakaicin aji 62, amma kuma an ce shi ya zo na uku. Mahaifinsa ya ce akwai kuskure, wai wanda bai kai matsakaici ba ba zai zo na uku ba. Har faɗa ya yi wa yaron.
Daga wata uwa, Gangare

AMSA: Hajiya, ki ba Alhaji haƙuri, ki kuma rarrashi yaron, domin maganganun biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda. A ce makin yaran bakwai ga shi: 42, 45, 48, 50, 55, 94, 100. In kika tara su za ki sami 434, a raba da bakwai, 62. Ɗanki mai 55 yana gaban yara huɗu, yana bayan biyu, na uku ke nan. Yara biyun nan masu 94 da 100 su suka ja matsakaicin sama, har ya zama biyar daga cikin bakwai ba su kai shi ba.

Saboda irin wannan ne ilimin ƙididdiga bai tsaya ga matsakaici kaɗai ba. Akwai lambar tsakiya, wadda ɗalibai ke kira midiyan: a jera makin daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki wanda ya faɗo tsakiya. A nan 50 ce, kuma ɗanki ya haura ta. Da mai 100 ɗin nan 60 ya ci, matsakaici zai faɗo, amma lambar tsakiya tana nan a 50, ba ta motsa ba. A ganina, makarantun da ke rubuta matsakaicin aji a takardar sakamako ya kamata su riƙa rubuta lambar tsakiya kusa da shi. Aikin minti biyu ne, kuma zai hana a tsawata wa yara da yawa a kan laifin da ba su yi ba.

Ɗalibai masu karanta wannan amsa, ku kiyaye abu biyu. Sai an jera lambobi kafin a ɗauki ta tsakiya. Wanda ya ɗauka yadda aka zubo su a takardar tambaya ya faɗi. In kuma adadinsu cika ne, kamar guda takwas, sai a haɗa biyun tsakiya a raba biyu. Akwai kuma ma'auni na uku, lambar da ta fi maimaituwa. Ita ce ke damun mai sayar da takalma a Taminus: lamba nawa aka fi saya, don ya saro ta da yawa. Matsakaicin ƙafar masu saye ba zai amfane shi da komai ba.

Tunda muna kan matsakaici, ga tarkon da ke kama 'yan aji shida kusan kowace shekara. A ce ɗan kasuwa ya saro dankalin Turawa daga Bokkos, buhu 10 a kan naira 40,000 kowanne, ya ƙaro buhu 30 a kan naira 60,000. Mai gaggawa zai haɗa 40,000 da 60,000 ya raba biyu ya ce 50,000. Ba haka ba ne. Kuɗin da ya fita daga aljihunsa 400,000 ne da 1,800,000, jimla 2,200,000, a raba da buhu 40, kowane buhu ya tsaya masa a 55,000. In ya yarda da lissafin mai gaggawa ya sayar a 52,000 yana murnar riba, ya yi asarar naira 120,000. A jarrabawa da aji biyu suke kawo ta, ɗaya mai ɗalibai 20, ɗaya mai 40. Kullum ku koma ga jimla, sannan ku raba.

TAMBAYA: Malam, an ba mu aikin gida: gidaje tara, uku-uku, a saka 1 zuwa 9 ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace, zai ba da adadi ɗaya. Kakana ya gani ya ce ai wannan hatimi ne, ya cike min shi nan take. Ni kuma ina son in san yadda ake gano shi ba da haddacewa ba.
Daga wani ɗalibi, Dilimi

AMSA: Madalla da wannan tambaya, ɗana, kuma ka gaishe min da Kaka. Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan zane. Wani malami Bakatsine, Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, ya rubuta littafi da Larabci a shekarar 1732 a kan yadda ake gina irin waɗannan murabba'ai masu layukan mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma masu nazarin tarihin lissafi a Afirka suna ambatonsa har yau.

Ga yadda za ka gano shi. Tara lambobin daga 1 zuwa 9, za ka sami 45. Layuka uku ne a kwance, kuma daidai suke, saboda haka kowanne 15 ne. Ka ga adadin ya fito tun ba ka rubuta komai a gidajen ba.

Sai gidan tsakiya. Layuka huɗu ne ke ratsa shi: na kwance, na tsaye, da na karkace biyu. Kowanne 15, su huɗu 60. Waɗannan layuka sun taɓa kowane gida sau ɗaya, ban da na tsakiya da suka taɓa sau huɗu. Wato 60 ita ce 45 da ƙarin lambar tsakiya sau uku. Bambancin 15 ne, a raba uku, 5. Babu lambar da za ta iya zama a tsakiya sai 5.

Daga nan sauran suna bin juna. Duk lambobi biyu da suka sa 5 a tsakaninsu dole su haɗu su ba da 10: 1 da 9, 2 da 8, 3 da 7, 4 da 6. Ina 9 za ta zauna? Gidan kusurwa yana kan layuka uku, ita kuwa 9 hanya biyu kawai take da ita ta cika 15: ko da 5 da 1, ko da 2 da 4. Ashe ba ta zama a kusurwa. Saka ta a tsakiyar gefen hagu, 1 ta fuskance ta a dama, 2 a samanta, 4 a ƙasanta. Kishiyar 2 ita ce 8, kishiyar 4 ita ce 6, sai gidaje biyu suka rage wa 7 da 3. Layin sama 2, 7, 6. Na tsakiya 9, 5, 1. Na ƙasa 4, 3, 8. Ka gwada shi da na Kaka. In ka ga sun bambanta, ka juya takardar ko ka duba ta a madubi, za ka tarar guda ne.

Aikin wata mai zuwa, gare ka da duk mai sha'awa: gidaje 25, biyar-biyar, a saka 1 zuwa 25. Ku fara gano adadin da kowane layi zai bayar, sannan ku cike gidajen. Ku aiko da amsa tare da bayanin yadda kuka bi, zan buga hanyar da ta fi fita sarai.